Dutse Uku a Gindin Dashe

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo wai na yi shiru, ku yi haƙuri. Ba littafi nake kwafa ba, daga kaina nake ciro shi, kuma wannan shafin sai da na ajiye waya sau uku kafin na gama. Ke kuma da kika ce ƙarya nake, wai ina tsohuwa ta san wasan waya, ki sani wata takwas na yi ina riƙe wa mijina waya a kan gadon jinya, yana cewa danna nan, ja can. Ko kujera ce a ɗakin da ta koya.

Ranar Laraba ce, ranar da za su share tsohuwar unguwa.

Masu wasan sun buɗe sababbin unguwanni a garin nan na cikin waya, filaye masu faɗi, da rafi a bayan gida, da titi mai fitilu. Suka ce ƙarfe huɗu na yamma duk wanda bai ƙaura ba, gidansa da shukarsa sun tafi. Ni ba rafi ya dame ni ba. Lambun marigayi mijina Mai Fulawa nake so ya ƙaura yadda ya bar shi, ko ganye ɗaya kada ya canza wuri. Shekara arba'in yana gyara wa mutane farfajiyar gida da hannunsa, da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa ya koma yi da yatsa ɗaya. Wannan lambun shi ne aikinsa na ƙarshe.

Sau tara ina danna ƙaura, sau tara waya na ce min itacen da ke kan iyakar lambun ba na gida ɗaya ba ne, sai maƙwabta sun yarda. Maƙwabciyar kuwa, wadda ta sa wa kanta suna Shiru, ko saƙo ɗaya ta ƙi amsa min.

Ƙarfe uku da rabi na sauka a ƙofar shagon wanki da guga inda babbar 'yata take aiki.

Tururi ya fara tarbata, da ƙamshin sabulu. Riguna a jere cikin leda har rufi, injin wanki yana ta girgiza a lungu kamar mai zazzaɓi. Mai shagon tana zaune a kan kanta, mace mai jiki da fara'a, tana liƙa wa kaya lamba.

"A'a! Mama ce da kanta? Yau ruwa za a yi."

"Sannu da aiki, 'yar nan."

"Kaya kika kawo mana?"

"Kaya na zo ɗauka. Ga shi can yana guga."

Ta kwashe da dariya. 'Yata ba ta yi dariya ba. 'Yar Buta muke ce mata tun tana ƙarama, don duk inda babanta ya tsuguna yana dashe, tana bayansa da 'yar butarta. Shekara shida ke nan da ta bar gida. Tun bayan rasuwarsa sau biyu na sa ta a ido.

Ta rusuna, dutsen guga a hannunta.

"Ina wuni, Mama."

"Ina wayarki?"

"Tana caji."

"Ciro ta."

"Lafiya dai, Mama?"

"Lafiya ce ta sa na hau mota biyu da wannan gwiwar? Ciro ta, Shiru."

Hannunta ya tsaya cak a kan rigar.

"Ke! Rigar mutane!" Mai shago ta daka tsawa. "Ɗaga, ɗaga! Mai ita ko maɓalli ya karkace sai ya tara min jama'a."

Ta ɗaga dutsen ta jingine shi. Ba ta kalle ni ba.

"Ban gane ba, Mama. Wace ce Shiru?"

"Ni za ki yi wa wannan? Ni da na yi miki wanka?"

Na jawo kujerar roba na zauna, na ciro wayar babanta na ɗora a kan teburin guga. Har yanzu da tsagewar nan a kusurwa, tun ranar da ta suɓuce masa a asibiti.

"Dashe bakwai aka yi a bakin shingensa bayan ya rasu. Ni ban dasa ba. Shi kuma Allah ya jiƙansa, ba ya tasowa ban ruwa. Kowane dashe da dutse uku a gindinsa, gefe ɗaya a buɗe."

"Kowa ma zai iya jera dutse."

"Kowa? Na zaga unguwar nan gida gida, har gidan mai kududdufi uku na shiga. Babu mai yi. Don me za su yi? A ƙasar gaskiya dutse yana hana ruwa kwashe ƙasa daga saiwa, gefen da aka bari nan ake zuba ruwan. A cikin waya ruwa ba ya kwashe komai. Babu mai ɓata lokacinsa da wannan sai wanda hannunsa ya saba har ba ya neman izininsa. Mutum biyu babanki ya koya wa. Ɗaya ga ta a zaune a kan kujerar roba."

Mai shago ta ajiye lambobinta, ta gyara zama.

"Ni fa ba na jin komai," in ji ta. "Ku ci gaba."

'Yar Buta ta sa bayan hannu ta goge goshi. Na san tun tana goye, in ta yi haka ƙarya ta ƙare mata.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Shekara ɗaya da wata biyu."

"Ta yaya kika same shi?"

"Sunan sana'arsa ya sa. Na ga Mai Fulawa, na leƙa, na ga shingen. Babu mai yanka shinge da ɗan tudu a tsakiya sai Baba. Filin gefensa babu kowa, sai na ɗauka."

"Kina maƙwabtaka da shi a waya, amma gidan gaskiya ya gagare ki."

"Mama, kina wurin ai. Kin ji abin da ya ce min."

Ina wurin kuwa. Ku da kuka zo a makare, a taƙaice ga shi. Ya bar mata wurin sayar da dashensa na kwana uku, ta ɗauki jarkar da ta zaci ta taki ce ta yi feshi, ashe maganin kashe ciyawa ne. Dashe sama da ɗari biyu suka ƙone ƙurmus. A gaban masu saye ya dube ta ya ce hannunki ba ya raya komai. Washegari ta haɗa kayanta.

"Kullum da safe sai ya rubuto min sallama," in ji ta. "Ba na amsawa. Sai in bi ta ɓarakar da ya bari a shinge, in yi masa ban ruwa, in fita. Bai san ni ba ce. Ya tafi bai sani ba."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ɗago kai.

"Yau da safe ina wanke kofinsa abin ya faɗo min. Ranar da ya fara ganin dutse uku a gefenki, ni ke riƙe da wayar. Ya ce matso min da nan. Na matso. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce ajiye, idona na ciwo, ya juya ya fuskanci bango. Ni kuma wawiya na tashi neman maganin ido. Tun daga ranar, da ya farka sai ya ce buɗe min in ga ko yarinyar nan ta zo. Na ce wace yarinya, kai da ba ka san ko ƙaton namiji ne ba. Ya ce ke dai buɗe."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Injin wanki ya gama juyinsa ya yi tsit, shagon ya zama ba ka jin komai sai numfashinta.

Ban bar ta ta yi kuka ba. Na kalli agogon bango, huɗu saura kwata.

"Kuka yana nan, ba ya guduwa. Yanzu ciro wayarki ki danna yarda, lambun babanki ya ƙaura. In ya so mu zauna mu yi shi tare har a rufe shago."

"Na danna, Mama."

"Yaushe?"

"Tun ranar farko da suka yi sanarwa."

"To wa ya riƙe ni kwana goma sha biyu?"

"Itacen nan ba na gida biyu ba ne. Na gida uku ne."

Mai shago ta ce, "Toh!" ta rufe bakinta da hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, na zaci gidan wata mace ne. Amma na san mutumin da na zauna da shi shekara talatin da huɗu. Na ce nuna min.

Ta zaro wayarta daga caji ta buɗe garin. Ta bi ta bayan gidanta, ta zagaya dogayen gorar da ya dasa a bayan nasa lambun. Ni ban taɓa wuce gorar nan ba, na zaci nan duniyar ta ƙare. Ashe akwai wata 'yar hanya ta tsakuwa, a ƙarshenta ƙaramar ƙofa ta katako, a rufe.

"Lokacin da yake asibiti ya gina shi," in ji ta. "Da rana, in ma'aikatan jinya sun kore ki ki je gida ki huta. Ina kallonsa daga gefena. Katako ɗaya sai ya ɗauke shi rabin awa. Filin kyauta ne, wanda ake kullewa da tambaya. Maɓallin yarda yana ciki, sai an buɗe ƙofar."

"Kyautar wa?"

Ta matso da hoton. Akwai ɗan allo a jikin ƙofar. Karatuna ba nisa ya yi ba, amma wannan ban nemi taimako ba.

NA MAI BOKITI.

Na ji kamar an kira ni daga tsakar gida. Wata biyar rabon da in ji wannan sunan.

"To me ya hana ki gaya min?"

Sai a nan hawayen suka zubo.

"Na ce zan buɗe in danna, lambun ya ƙaura, ba tare da kin san ni ce ba. Sau uku kawai ake gwadawa, in an kasa duka ukun ƙofar ta kulle sai bayan kwana ɗaya, sannan a sake ba da ɗaya. Ran nan na gwada ɗaya. Jiya na sake. Duka biyun na faɗi. Saura ɗaya, in ya tafi yau shi ke nan. Na sake kashe masa, Mama. Gaskiya ya faɗa, hannuna..."

"Rufe min baki. Karanto tambayar."

Ta ja hanci.

"Wane itace na fara dasawa a gidanmu?"

"Me kika sa?"

"Mangwaron tsakar gida."

"Sai kuma?"

"Gwaibar bakin rijiya."

Wallahi dariya ce ta kubce min. Dariya sosai, har da riƙe ciki, irin wadda ban yi ba tun da aka fita da shi. Mai shago ta kalli 'yata, 'yata ta kalli mai shago.

"Mama, saura minti goma fa."

"Na gani. Ke a tunaninki me ya sa yake ce min Mai Bokiti?"

"Don kullum kina ɗauke da bokiti."

"Wace mace ce ba ta ɗaukar bokiti? Saurara. Satinmu biyu da tarewa, gidan ko ƙofar kirki babu, ya shigo da wani ɗan dashe a cikin gwangwani, yana riƙe da shi kamar jariri. Maigidansa na wurin aiki ya ba shi, iri ne mai wuyar samu. Ya dasa a bayan ɗaki, ya jera masa dutse uku, ya ce kullum in ba shi ruwa. Ni kuma amarya mai son a yaba mata, na ce ruwa kaɗan rowa ce. Duk wankin da na yi sai in ɗauki bokitin, da kumfarsa da komai, in juye masa a gindi. Safe da yamma. Kwana tara ya yi ya bushe kamar tsinken tsintsiya."

"Innalillahi," in ji mai shago. "Ruwan sabulu?"

"Har da na bilic ranar Asabar."

"Me ya ce miki?" 'Yar Buta ta tambaya a hankali.

"Kwana biyu bai yi min magana ba. Rana ta uku ya shigo ya ce sannu da aiki, Mai Bokiti. Shi ke nan sunan ya zauna. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai kada a ji matar mai fulawa ta kashe itace. Mangwaro bayan shekara biyu ya zo, kina ciki. Don haka ki daina ɗaukar kanki wata gwana. Kafin ki kashe masa, ni na fara."

Ta yi wata irin dariya mai haɗe da kuka.

"Me zan rubuta?"

"Lemun tsami."

"Kin tabbata, Mama? Ɗaya ya rage."

"Ni na kashe shi. Rubuta."

Ta rubuta. Ta danna. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar waya. Yana juyawa. Yana juyawa.

"Sabis ne," in ji mai shago, ta diro daga kan kanta. "Nan ciki injinan nan suna cinye shi. Ku zo bakin taga. A'a, ba nan ba, hau bencin nan, ɗaga hannu sama. Nan nake tsayawa in zan kira ƙanwata."

Haka 'yata mai shekara talatin da ɗaya ta hau benci tsakanin rigunan mutane, hannu a sama, ni na riƙe mata ƙafa, mai shago ta riƙe bencin. Wani mutum ya leƙo da buhun wanki, ya gan mu, ya ce bari ya dawo.

Saura minti shida zoben ya ɓace.

"Ta buɗe! Mama, ta buɗe!"

Ta sunkuyo da wayar daidai fuskata.

Ƙaramin fili ne. Babu gida, babu fulawa, babu fitila. Jar ƙasa ce a share tas, irin sharar da yake yi da safe, har da layin tsintsiya. A tsakiya ga ɗan dashen lemo a bushe, ganyensa ya zube, da dutse uku a gindi. A wasan nan sai ka hana shuka ruwa kwana bakwai kafin ta bushe. Wato da gangan ya dasa, ya zauna yana jira ta mutu, don kawai ya tsokane ni. Ga bokiti a gefe, a kife. Ga benci a ƙarƙashin itacen kan iyaka, mai wurin zama uku.

Na ce, "Ka ji mutum. Yana kan gadon asibiti ma bai bar ni ba."

Abu biyu ne ke walƙiya. Ɗaya koren maɓallin yarda. Ɗayan ambulan ɗin wasiƙa ne a kan bencin.

"Danna koren," na ce.

"Tsaya, Mama." Ta kai yatsa kan ambulan, rubutu ya fito, ta karanta, fuskarta ta canza. "Murya ce."

"Muryar wa?"

"Tasa. Minti huɗu."

Na zauna a bakin bencin.

"To danna koren, in mun isa sabuwar unguwa mu ji a natse."

"Ba ya bi. Ga shi sun rubuta, saƙon murya ba ya bin ƙaura. Da an danna yarda, tsohon fili ya rufe da abin da ke cikinsa."

"To mu ji, sannan mu danna."

"Ƙaurar tana cin minti uku kafin ta gama kwashewa. In huɗu ta buga ba ta gama ba, ta tashi a banza."

Muka kalli agogon bango mu uku. Saura minti huɗu da 'yan daƙiƙu.

"Mama, lambun. Don shi kika zo. Kwana goma sha biyu kina wahala a kansa. Ki ce in danna kore, in danna."

Na dube ta a saman bencin nan, gumi da hawaye sun haɗe mata a haɓa. Ni na ji muryarsa har ranar ƙarshe. Ita abin da ta ji na ƙarshe daga bakinsa, kun san shi.

"Shinge taku goma sha biyu ta gabas, da tudu a tsakiya," na ce. "Jan fure layi biyu daga ƙofa, fari a bayansu. Kududdufi a hagu, da dutse goma sha ɗaya, babban yana kallon gida. Gora bakwai a baya. Fitila ɗaya, a karkace, don ya ce madaidaiciya ba ta da kyau. Ɓaraka a shinge, daidai faɗin mutum ɗaya da buta. Na manta wani abu?"

"A'a."

"Wata takwas ina riƙe da wayar nan. Lambun yana kaina. Su share nasu, gobe mu kama sabon fili, ni in faɗa, ke ki dasa. Danna ambulan."

"Mama..."

"Na ce danna."

Mai shago ta riga ta ciro wayarta ta sa a ɗaukar murya, ta miƙa ta sama kusa da tamu, tana ɗage a kan yatsun ƙafa.

'Yar Buta ta danna.

Ƙarar fankar asibiti ta fara fitowa. Sai tari, tarin nan nasa mai biyu a jere. Sai ya gyara murya.

"Mai Bokiti. In kin ji wannan, na san ba ke kaɗai ba ce, don ke ba za ki taɓa zagayowa bayan gora ba sai an jawo ki. To ki yi haƙuri, naki yana zuwa. Matso da wayar kusa da 'Yar Buta."

Ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"'Yar Buta. Maganar jarkar nan. Shekara shida ina riƙe da ita, ko mamanki ban gaya wa ba. Ba ki ɗauki jarkar da ba daidai ba. Ta taki kika ɗauka. Ni ne na juye maganin ciyawa a cikinta."